Yadda Ake Lissafin Shimfiɗar Mai da Zafinta a Haƙoran Giya da Cikin Boris da Kwamfuta

Ɗaliban injiniyanci da dama, musamman masu aikin digiri na biyu a fannin injina, sun yi ta tambayar yadda ake rubuta manhajar da za ta lissafa kaurin shimfiɗar mai da matsinta da zafinta a wurin da haƙoran giya biyu suke haɗuwa, ko a wurin da ƙwayar boris take bin zobenta. Wannan shi ne lissafin da ake taƙaita sunansa da TEHL (thermal elastohydrodynamic lubrication a Turance). Ƙorafin mafi yawansu iri ɗaya ne: sun zuba dukkan ƙa'idojin a manhaja lokaci guda, lissafin ya watse, kuma ba su san ɓangaren da ya jawo hakan ba. Saboda haka aka jera matakan nan yadda kowanne zai tsaya da ƙafarsa, a gwada shi da lambar da aka riga aka sani, kafin a ɗora masa na gaba.

Misalin da za a bi shi ne giyar gwaji ta FZG nau'in C, wadda cibiyar binciken giya ta Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus ta tsara, domin awonta a bayyane yake kuma an wallafa gwaje-gwaje masu yawa a kanta.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ta isa lissafin giya mai miƙaƙƙun haƙora. Python da NumPy da SciPy kyauta ne, haka ma GNU Octave da gfortran. MATLAB da COMSOL Multiphysics na kuɗi ne, kuma lasisinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka a fara tambayar sashe ko jami'a tana da su. A ganina Python ta wadatar, kuma wanda ya rubuta lissafin da hannunsa ya fi saurin gane kuskure idan ya koma COMSOL daga baya. Inda kuɗi yake shiga da gaske shi ne bayanan mai, domin auna danƙon mai a ƙarƙashin matsi mai tsanani aiki ne na ɗakunan gwaji ƙalilan a duniya. Wanda ba shi da hanyar hakan ya zaɓi man da aka riga aka wallafa awonsa.

Mataki na 1: Fitar da siffa da gudu a kan layin haɗuwa

Giyar FZG C tana da haƙora 16 a ƙaramar da 24 a babbar, modul (ma'aunin girman haƙori) milimita 4.5, tazarar milimita 91.5 tsakanin sanduna biyu, faɗin haƙori milimita 14, kuma kusurwar matsi a wurin aiki digiri 22.44 ce. Haƙoran suna taɓa juna a kan miƙaƙƙen layi mai tsawon kusan milimita 19.1, wanda ake yi wa alama da haruffa biyar. A ne farkon haɗuwa, E ne ƙarshenta, C ne wurin da zamiya take zama sifili, sannan tsakanin B da D haƙori ɗaya tak yake ɗauke da dukkan lodin. B yana milimita 5.8 daga A, C yana 9.5, D kuma 13.3.

A kowane wuri a kan layin ana ɗaukar haƙoran a matsayin silinda biyu masu radiyos R1 da R2, waɗanda jimillarsu kullum milimita 34.93 ce. Daga nan a fitar da radiyos na haɗaka, R = R1·R2/(R1+R2), da gudun fuskokin biyu, u1 = ω1·R1 da u2 = ω2·R2 (ω ne gudun juyin kowace giya), da gudun jan mai, um = (u1+u2)/2, da kason zamiya, (u1−u2)/um.

Idan gudun giyar mita 8.3 ne a daƙiƙa, wato ƙaramar tana juyi kusan 2170 a minti, ga abin da ya kamata manhajar ta bayar. A wurin C, R1 milimita 13.97 ne, R2 20.96, R 8.38, um mita 3.17 a daƙiƙa, zamiya sifili. A wurin A, R ya sauka zuwa milimita 3.9, u1 kusan 1.0 ne, u2 kusan 4.6, kason zamiya kusan −1.28. A wurin E kason ya haura +1 kaɗan. Idan lambobin ba su fito haka ba, kada a wuce nan.

Gargaɗi: wasu marubuta suna amfani da jimillar u1+u2 a maimakon rabinta. Wanda ya kwafi ƙa'ida daga wuri ɗaya, ya ɗauko ma'anar gudu daga wani wurin, zai sami kuskuren ninki biyu da babu abin da zai nuna masa shi.

Mataki na 2: Lissafin hannu kafin a rubuta komai

A ɗauki ƙarfin murɗa na 302 Nm a kan ƙaramar giya. A raba shi da radiyos na tushen haƙori, milimita 33.83, a sami nyuton 8927, sannan a raba da faɗin haƙori, a sami lodin layi, w, kusan 638 kN a kowace mita. Taurin haɗaka yana fitowa daga 2/E' = (1−ν1²)/E1 + (1−ν2²)/E2, kuma ga ƙarfe mai tauri E = 206 GPa da kason Poisson ν = 0.3, E' ya zama 226 GPa. Ƙa'idar Hertz ta ba da rabin faɗin wurin haɗuwa, b = √(8wR/πE'), wato milimita 0.245 a wurin C, da ƙololuwar matsi, pH = 2w/πb, wato kusan 1655 MPa.

Sai a kimanta mafi ƙarancin kaurin shimfiɗa da ƙa'idar Dowson: h = 2.65·R·U^0.70·G^0.54·W^−0.13, inda U = η0·um/E'R, G = α·E', W = w/E'R. Idan aka ɗauki man giya na ma'adini mai lamba ISO VG 100 a zafin digiri 90, aka ƙaddara danƙonsa η0 = 0.012 Pa·s da ma'aunin hauhawar danƙo da matsi α = 16 a kowace GPa, amsar tana kusan maikiromita 0.17. Lambobin Moes na wannan yanayi, wato lambobi biyu marasa awo da suke taƙaita shi, su ne M (na nauyin lodi) kusan 53 da L (na tasirin matsi a kan danƙo) kusan 9.

A kwatanta wannan 0.17 da lotsawar ƙarfen kansa, wadda take kusan b²/2R, wato maikiromita 3.6. Lotsawar ta ninka shimfiɗar sau ashirin, saboda haka kuskuren kashi biyar cikin ɗari a lissafin lotsawa ya isa ya cinye shimfiɗar gaba ɗaya. Wannan ne asalin wahalar aikin.

Gargaɗi: a wasu littattafan ana rubuta 1/E* a madadin 2/E', kuma E* rabin E' ne. A zaɓi ɗaya, a rubuta shi a saman manhajar.

Mataki na 3: Bayanan mai

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin duk kyan hanyar lissafi, gogayyar da za ta fito a ƙarshe ba za ta fi bayanan man da aka zuba mata inganci ba.

Takardar mai da kamfani yake bayarwa tana nuna danƙo a digiri 40 da digiri 100, a ma'aunin mm²/s. A yi amfani da ƙa'idar Walther a fitar da danƙon a zafin aiki, sannan a ninka da densiti, wato nauyin kowace mita kubik ta man, a koma Pa·s. Man da yake da 95 a digiri 40 da 10.7 a digiri 100 zai ba da kusan 14 a digiri 90, kuma da densiti kusan 836 ana samun Pa·s 0.012 ɗin da aka yi amfani da shi a sama. Zafin da ake nufi shi ne na jikin haƙori, wanda yakan fi na man da yake cikin kasko.

Danƙo yana hauhawa sosai da matsi. Ƙa'idar Barus, η = η0·exp(αp), ta fi sauƙi, amma ba ta dace da wannan matsin ba. A 1655 MPa tana ninka danƙon sau biliyan ɗari uku, alhali ƙa'idar Roelands tana ninka shi kusan sau miliyan uku, bambancin ninki dubu ɗari ke nan. Roelands mai haɗe da zafi ita ce:

η = η0·exp{(ln η0 + 9.67)·[(1 + 5.1×10⁻⁹·p)^z · ((T−138)/(T0−138))^(−S0) − 1]}

inda z = α/[5.1×10⁻⁹·(ln η0 + 9.67)] da S0 = β·(T0−138)/(ln η0 + 9.67). A misalinmu z yana kusan 0.6, kuma idan β, ma'aunin raguwar danƙo da zafi, 0.03 ne a kowane digiri, S0 yana kusan 1.3. Ga densiti kuwa, ƙa'idar Dowson da Higginson ce aka fi amfani da ita: ρ = ρ0·[1 + 0.6×10⁻⁹p/(1 + 1.7×10⁻⁹p) − 0.00065·(T−T0)].

Scott Bair na Cibiyar Fasaha ta Jojiya a Amurka ya daɗe yana nuna cewa Roelands ba ta bin ainihin halin mai idan matsi ya yi tsanani, domin a can danƙon da aka auna yana hawa da sauri fiye da yadda take cewa. Kaurin shimfiɗa bai cika damuwa da wannan ba, tunda a mashiga, wato inda mai yake shiga wurin haɗuwa, ake ƙayyade shi, inda matsi bai yi yawa ba. Gogayya da zafi kuwa a tsakiya ake samar da su. Shawarata ita ce a fara da Roelands har manhajar ta tsaya, amma a rubuta danƙo da densiti a matsayin sashe mai zaman kansa, yadda za a iya musanya su da ƙa'idar Tait da ta Doolittle ko ta Yasutomi ranar da aka sami awon man.

Sauran lambobin man ma'adini: ƙarfin watsa zafi kusan 0.14 W/m·K, ƙarfin riƙe zafi kusan 2000 J/kg·K.

Gargaɗi: T da T0 a ma'aunin Kelbin suke, p a Pa, η0 a Pa·s. Digiri 90 shi ne 363 K. Wanda ya saka 90 zai sami T0−138 ƙasa da sifili, lissafin ya mutu nan take.

Mataki na 4: Matsi da shimfiɗa, ba tare da zafi ba

A kulle zafi a T0, a ɗauki wurin C kaɗai. Ƙa'idoji uku ake warwarewa tare. Ta farko ita ce ta Reynolds, d/dx[(ρh³/12η)·dp/dx] = um·d(ρh)/dx. Ta biyu ita ce siffar shimfiɗa, wadda ta haɗa tazara h0 da lanƙwasar x²/2R da lotsawa. Ta uku ita ce daidaiton lodi, wato jimillar matsi a faɗin wurin ta yi daidai da w.

Da farko a mayar da komai lambobi marasa awo: X = x/b, P = p/pH, H = h·R/b². Idan ba a yi haka ba, kwamfuta za ta riƙa haɗa biliyoyin Pa da kason miliyan na mita a jadawali ɗaya. A sabon tsarin, H = H0 + X²/2 − (1/π)·∫P·ln|X−X'|dX', kuma jimillar P ta zama π/2.

A shimfiɗa raga, wato jerin ɗigon da za a yi lissafi a kansu, daga X = −4.5 zuwa X = 1.5, a fara da ɗigo 257. Logaridim ɗin da yake cikin lotsawa yana fashewa idan X ya yi daidai da X', saboda haka a lissafa shi a kan kowane gurbi da ƙa'ida: K = (a·ln|a| − a) − (c·ln|c| − c), inda a shi ne tazarar ɗigon biyu da ƙarin rabin gurbi, c kuma tazarar da ragin rabin gurbi. Ana lissafa K sau ɗaya a ajiye.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi a nan kafin a taɓa Reynolds. A zuba matsin Hertz, P = √(1−X²), a sa H0 sifili, a zana H. Tsakanin −1 da +1 dole zanen ya kwanta a miƙe a kan 0.5966. Idan ya karkata ko ya yi ƙusumbi, kuskuren yana cikin K. Wannan lamba kuma ita take ba da mafarin H0: a ɗauki −0.5966 a ƙara kimanin 0.024, wato kaurin da aka kimanta a mataki na 2 bayan an raba shi da b²/R.

Hanyar warwarewa iri uku ce a aikace. Akwai hanyar Newton da Raphson, wadda take ɗaukar dukkan P da H0 a matiris guda. Akwai hanyar raga mai hawa-hawa da Lubrecht da Venner suka bunƙasa a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan. Akwai kuma hanyar Habchi ta 2008, wadda take yanka jikin ƙarfen kansa gunduwa-gunduwa ta warware lotsawa da matsi tare, kuma ita ce masu COMSOL suke bi. Ga mai farawa da giya, Newton ta fi dacewa, domin matiris mai layi dubu da ginshiƙi dubu ba ya ɗaukar kwamfutar yau daƙiƙa guda, kuma a zagaye goma zuwa talatin lissafin yakan zauna. A riƙa ɗaukar kashi uku zuwa biyar cikin goma na gyaran da Newton ta bayar a zagayen farko, sai an kusa zama a saki.

A tsakiyar wurin haɗuwa danƙo ya yi yawan da ɓangaren hagu na Reynolds ya kusa ɓacewa, abin da ya rage shi ne d(ρH)/dX. Dole a rubuta wannan da ɗigon da suke baya, ta inda mai yake fitowa, kuma a yi amfani da ɗigo biyu na baya domin a sami daidaito mai daraja ta biyu. Idan aka rubuta shi da ɗigon gaba da na baya, matsin zai fito da haƙora kamar zarto. A mafita kuma mai yana tsinkewa, don haka duk inda P ya sauka ƙasa da sifili a mayar da shi sifili, ko a ƙara wa Reynolds wani babban ɓangare na hukunci (penalty) da zai hana shi sauka.

Amsar da ta yi daidai tana da alamomi: matsi ya bi siffar Hertz, shimfiɗa ta kwanta a tsakiya, ta tsuke dab da mafita, kuma ɗan tsinin matsi ya fito kafin tsukewar. A maimaita da ɗigo 513 da 1025 da 2049. Bambancin kaurin tsakiya ya kamata ya riƙa raguwa kusan ninki huɗu duk lokacin da aka ninka raga.

Gargaɗi: raga mai manyan idanu tana ba da shimfiɗar da ta fi ta gaskiya siranta idan lodi ya yi nauyi, har mutum ya zaci ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Kada kuma a auna zaman lissafi da tsayin tsinin matsi, domin shi yana ci gaba da canzawa da raga. Idan M ƙarami ne, a ja mashiga baya fiye da −4.5, in ba haka ba raga ce da kanta za ta hana wurin samun isasshen mai.

Mataki na 5: Halin mai a ƙarƙashin zamiya

Yanzu a matsa daga C zuwa inda akwai zamiya. Danƙo a tsakiya ya kai kusan Pa·s 34,000. Idan bambancin gudun fuskokin mita 1 ne a daƙiƙa, shimfiɗa kuma maikiromita 0.2, ƙarfin jan da lissafi zai bayar, idan an ɗauka danƙon ba ya canzawa da zamiya, shi ne kusan 170 GPa, wato ninki ɗari na matsin kansa. Gogayyar da ake aunawa a irin wannan wuri kuwa tana tsakanin 0.03 da 0.08 ne na lodi. Ashe mai yana saki idan aka ja shi da ƙarfi, kuma dole a saka hakan kafin a kunna zafi.

Ƙa'idar Eyring ce mafi sauƙin sakawa: danƙon aiki η* = η·(τ/τ0)/sinh(τ/τ0), inda τ ne ƙarfin ja, τ0 kuma ƙarfin jan da mai yake fara saki a kansa, wanda a man ma'adini yakan kasance MPa kaɗan, a fara da 5. A raba kaurin shimfiɗa zuwa hawa 10 zuwa 20. A kowane X, ƙarfin ja yana bin τ = τa + z·dp/dx, inda z a nan tsayi ne daga fuskar ƙasa (ba z na Roelands ba), τa kuma ƙarfin ja a fuskar ƙasa, kuma ana neman τa da zai sa gudun mai ya tashi daga u1 a fuskar ƙasa ya kai u2 a fuskar sama. Tunda danƙo yanzu ya bambanta daga hawa zuwa hawa, sai a musanya ρh³/12η da jimlolin 1/η* da z/η* a faɗin shimfiɗar, kamar yadda Dowson ya tsara a 1962, Yang da Wen kuma suka faɗaɗa a 1990. Idan akwai awon man, ƙa'idar Carreau tare da iyakar ƙarfin ja ta fi Eyring kusa da gaskiya.

Gargaɗi: sinh yana cika ma'ajiyar kwamfuta idan abin da yake cikinsa ya wuce kusan 710. A fara neman τa daga τ0·asinh(η·(u2−u1)/(h·τ0)), kada a fara daga ƙimar da babu saki a cikinta.

Mataki na 6: Kunna zafi

A cikin mai ana warware daidaiton zafi a kan ragar X da z. Abubuwa huɗu ne a ciki: zafin da mai yake ɗauka ya tafi da shi, zafin da yake ratsa kaurin shimfiɗa zuwa ƙarfe, zafin da zamiya take haifarwa, wato τ·∂u/∂z, da zafin matsewa, wanda yake ɗumama mai a mashiga ya sanyaya shi a mafita. Watsuwar zafi a tsawon X ƙarama ce ƙwarai, ana iya barin ta. Tunda h yana canzawa da X, a yi amfani da z/h, daga 0 zuwa 1, kuma a tuna cewa wannan canji yana ƙara wani ɓangare a lissafin.

A cikin ƙarafan biyu, hanya mafi aminci ita ce a shimfiɗa wa kowanne raga mai zurfin kusan 3b, a kulle zafin ƙasan a T0, sannan a wurin da mai ya taɓa ƙarfe a daidaita zafi da kwararar zafi. Fuskar haƙori tana ratsa wurin haɗuwa a cikin kusan milidaƙiƙa 0.15, kuma a wannan ɗan lokaci zafi ba ya nutsewa fiye da maikiromita 30 zuwa 45. Saboda haka a cusa ɗigon ragar kusa da fuska, a riƙa buɗa su yayin da ake nutsawa. Akwai gajeriyar hanya ta ƙa'idar Carslaw da Jaeger, wadda ba ta buƙatar raga a ƙarfe, amma tana rauni idan fuska tana tafiya a hankali, kamar u1 a kusa da A.

Lambar watsa zafin ƙarfe tana buƙatar kulawa. Shekaru da yawa ana saka kusan 46 W/m·K, amma awon da Reddyhoff da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 daga Kwalejin Imperial ta Landan ya nuna cewa ƙarfen boris AISI 52100 da aka taurara yana kusa da 21. Ƙaramar lambar tana ba da fuska mafi zafi da gogayya mafi ƙanƙanta. Densitin ƙarfe kusan 7850 ne, ƙarfin riƙe zafinsa kusan 470.

Tsarin zagayen shi ne: a warware matsi da zafin da ake da shi, a fitar da gudu da ƙarfin ja, a warware zafi ginshiƙi bayan ginshiƙi daga mashiga zuwa mafita, a ɗauki kashi biyu ko uku cikin goma na canjin zafin, a sabunta danƙo da densiti, a koma farko. A fara da kason zamiya 0.01, a riƙa ɗaga shi a hankali, kowace amsa ta zama mafarin ta gaba. A kusa da C zafin zai ƙaru da digiri kaɗan ne kawai. Inda zamiya ta yi yawa zai ƙaru da gomman digiri, kuma tsakiyar shimfiɗar ce za ta fi zafi.

Gargaɗi: a mashiga wani ɓangaren mai yana komawa baya, u yana ƙasa da sifili. A waɗannan ɗigon dole a ɗauko bambancin zafi daga ɗigon da yake gaba, kuma a maimaita sharar ginshiƙan sau da yawa. Wannan shi ne sanadin da ya fi yawa idan zafi ya watse daga gefen hagu na raga.

Mataki na 7: Tafiya a kan layin daga A zuwa E

A fara da warware wurare 30 zuwa 50 a kan layin, kowanne a matsayin yanayi tsayayye mai R da um da w nasa. Inda haƙora biyu suke raba lodi, mafi sauƙi shi ne lodin ya tashi daga sulusi a A zuwa sulusi biyu dab da B, ya zama cikakke daga B zuwa D, ya sauka haka nan zuwa E. Wannan kimantawa ce. Idan akwai lissafin taurin haƙori daga manhaja irin KISSsoft, shi ya fi.

Bayan haka a ƙara ∂(ρh)/∂t a Reynolds da ∂T/∂t a lissafin zafi. Duk tafiyar milidaƙiƙa 2.5 ce. A B da D lodi yana tsalle, amma shimfiɗa ba ta bin sa nan take, sai man da yake ciki ya fice wani ya shigo, don haka za a ga kaurin yana kaɗawa na ɗan lokaci. A ƙanƙanta taƙin lokaci a waɗannan wurare. A riƙa ajiye P da T da H0 a faifai bayan kowane taƙi, domin ɗaukewar wuta kada ta mayar da aikin awanni farko.

Gargaɗi: b da pH suna canzawa a kan layin. A mayar da lambobi marasa awo da ƙimar wurin C kaɗai daga farko har ƙarshe, in ba haka ba ragar za ta riƙa miƙewa tana tsukewa, bambancin lokaci ya gurɓace.

Mataki na 8: Tantance amsa

Kwararar mai dole ta zama ɗaya a kowane X har zuwa inda ya tsinke. Ƙarfin gogayya idan aka ninka shi da gudun zamiya ya kamata ya yi kusa da jimillar zafin da ya shiga ƙarafan biyu da wanda mai ya fita da shi. A zana gogayya a kan kason zamiya: ta tashi a miƙe, ta lanƙwasa, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara sauka saboda zafi, kamar yadda ake gani a na'urar auna gogayya mai ƙwallo da faifai. Idan ba ta sauka ba, zafin bai isa ga danƙo ba.

A ƙarshe a raba mafi ƙarancin kauri da kaushin haɗaka na fuskokin biyu. Haƙoran da aka wasa sukan ba da kaushin haɗaka kusan rabin maikiromita, don haka a misalinmu kason yana kusan 0.3. Ma'anarsa tsinin kaushi suna taɓa juna, kuma gogayyar gaskiya za ta fi wadda lissafin fuska mai santsi ya bayar. A faɗi hakan a fili a rahoton.

Mataki na 9: Komawa kan boris

Boris mai sandunan silinda yana amfani da manhajar nan yadda take. Mai ƙwallo kuwa wurin haɗuwarsa yana da tsawo da faɗi, don haka raga ta ƙaru da Y. Lodin ƙwallon da ya fi shan nauyi kusan 5·Fr/Z ne bisa ƙa'idar Stribeck, inda Fr ne lodin gefe, Z kuma yawan ƙwallaye. Idan D ne kaurin ƙwallo, dm kaurin da'irar da ƙwallayen suke bi, γ = D·cos θ/dm tare da θ kusurwar haɗuwa, to Rx = D(1−γ)/2 a zoben ciki da D(1+γ)/2 a na waje, Ry = f·D/(2f−1) da f, wato radiyos na kwarin zobe a raba da D, kusan 0.52, kuma idan zoben ciki ne yake juyawa, um = dm·ω·(1−γ²)/4. Lissafin hannu na mataki na 2 sai a yi shi da ƙa'idar Hamrock da Dowson.

A nan hanyar Newton mai cikakken matiris ta ƙare. Raga mai 257 sau 257 tana da ɗigo 66,049, kuma matiris ɗinta zai ci kusan gigabait 35. Dole a lissafa lotsawa da FFT (hanyar sauyin Fourier mai sauri), a ninka girman ragar da sifilai domin kada gefe ya naɗo kan gefe, ko a bi hanyar jimla mai hawa-hawa ta Brandt da Lubrecht ta 1990. Ga matsin kuma a koma raga mai hawa-hawa ko hanyar Habchi. Idan babu murɗawar ƙwallo a kan kansa, a warware rabin wurin kawai tunda ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Mafi ƙarancin kauri zai fito a gefuna biyu, shimfiɗar ta yi siffar kofaton doki.

Zamiya a boris kaɗan ce, don haka zafin da ya fi tasiri shi ne na mashiga, wanda yake rage kauri idan gudu ya yi yawa.

Gargaɗi: boris mai giris ba kasafai mashigarsa take cike da mai ba. A yi amfani da danƙon man da yake cikin giris ɗin, sannan a matso da iyakar mashiga kusa da wurin haɗuwa, a gwada X = −2 da −1.5 da −1.2, a rubuta yadda kaurin yake raguwa a kowanne.